Ina So In Mayar Da 'Yata Gida Kafin Ta Fi Ƙarfina

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana da inda muke zaune. Shekararmu uku da 'yan watanni da yin ƙaura zuwa wata ƙasa mai tsananin sanyi, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu, mace mai shekara 14 da namiji mai shekara 8. Kafin mu taso maigidana malamin makaranta ne, ana ganin girmansa. A nan ba su karɓi takardunsa ba, aikin dare yake yi a wani rumbun ajiye kaya. Ya yi ƙiba, an ce yana da hawan jini, an ba shi magani amma sai ya ga dama yake sha. Hira ma ya daina. Ni kuwa kullum ina cikin gida, harshen ƙasar ya ƙi zama a bakina. Ciwon kai ba ya barina, ba na samun barci, idan hunturu ya shigo sai in zauna in yi ta kuka ba dalili. Sau uku ina zuwa asibiti, 'yata ce ke yi mini tafinta, kullum sai a ce ba a ga komai ba. Ita ce ma babbar damuwata yanzu. Ta fara mayar mini da magana, tana kallon tsabar idona idan ina yi mata faɗa, rannan har ta ce da ni, "Mama, ke ba ki san yadda ake yi a nan ba." Ƙanenta kuma idan na yi masa magana da harshenmu sai ya amsa da nasu. 'Yan uwa gani suke muna cikin daula, kowa da tasa buƙatar. Na yanke shawarar mayar da yarinyar wurin yayata ta ci gaba da karatu a can kafin ta fi ƙarfina. Maigidana ya ce in yi yadda na gani. Anti, na yi daidai? Ko kuwa mu tattara gaba ɗaya mu koma?

Uwar Biyu

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki a kan yarinya take, amma ni inda na tsaya a wasiƙarki shi ne wurin da kika ce sau uku kina zuwa asibiti kuma 'yarki ce tafinta. Bari in ƙiyasta yadda aka yi, in na kuskure ki gyara mini. Kina zaune, likita yana duban kwamfutarsa, ya tambayi abin da ke tafe da ke. Yarinya ta juyo ta maimaita miki tambayar. A bakinki akwai maganar kukan da kike yi bayan sun tafi makaranta, akwai ta daren da kike kwana ido biyu, wataƙila akwai ta al'adarki da ta rikice ko ta tsakaninki da maigida. Sai kika dubi fuskar 'yar cikinki, kika haɗiye duka, kika ce, "Ce masa kaina ne ke ciwo." Shi kuma ya auna abin da aka gaya masa, ya ce lafiya lau. Bai yi ƙarya ba. Ciwon da ya kai ki wurinsa bai taɓa shiga kunnensa ba.

Saboda haka abu na farko, tun kafin maganar wa zai tafi wa zai zauna, ki koma asibiti ba tare da ita ba. A ƙasashe da dama masu karɓar baƙi asibitoci suna samar da tafinta, ko ya zo da kansa ko ta waya, kuma aikinsa ya ɗora masa riƙe sirri. Lokacin da ake ba ki ranar ganin likita ake nemansa. In kin fi sakewa da likita mace, ki faɗa. Ki rubuta abubuwan da ke damunki a takarda tun daga gida don kada kunya ta sake cinye su, kuma ki fara da waɗanda suka fi nauyi a baki: kukan, rashin barcin, da tsawon lokacin da suka ɗauka. Likitoci suna ɗaukar baƙin ciki ko rashin sha'awar komai da ya kai mako biyu, kusan kullum, a matsayin alamar ciwon damuwa. Ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, wani na sha ne, wani na zama da gwani a yi magana. Sau da yawa kuma ta jiki yake fitowa, ciwon kai, nauyin ƙirji, kasala, musamman ga wanda bai saba faɗin abin da ke ransa ba. Ba raunin imani ba ne, kada ki bari kowa ya gaya miki haka.

Ki roƙi a duba miki ƙarancin jini, da sukari, da tayirod, wato halittar nan da ke gaban wuya, da kuma bitamin D. Wannan na ƙarshe fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara kafin ta haɗa isasshe, ga shi a ƙasashen da ke can arewa ranar hunturu ba ta da ƙarfin yin aikin. Shi ya sa hukumomin lafiya na Birtaniya, alal misali, suke ba kowa shawarar shan mikrogiram 10 a kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata kuwa duk shekara. Likitanki ne zai faɗa miki adadin da ya dace da ke, kada ki sayo mai ƙarfi ki yi ta zubawa. Kukan da kika ce hunturu ke kawowa shi ma sananne ne: gajartar yini da ƙarancin haske suna taɓa barci da yanayin zuciyar wasu mutane, kuma fita waje da safe, ko da gari ya yi lumshi, yana taimakawa, akwai ma fitila ta musamman da ake amfani da ita. Wani abu kuma, in kina shan maganin ciwon kai kusan kullum, ki gaya wa likita, don wanda ke shan sa kwana 15 ko fiye a wata maganin kansa yana iya zama mai kawo ciwon. Idan kuwa ya taɓa zo miki a rai cewa gara mutuwa, ko ki cutar da kanki, wannan ba ya jiran ranar asibiti. A ranar za ki kira lambar gaggawa ko ki tafi sashen gaggawa.

Abin da ke faruwa a gidanku an daɗe ana ganinsa. A Kanada da Amurka da Ostareliya an sha lura cewa sababbin baƙi sukan iso da lafiyar da ta fi ta 'yan ƙasa, sai shekaru su yi ta cin wannan fifiko har ya ɓace. A 1976 masu bincike biyu, Michael Marmot da Leonard Syme, sun buga abin da suka gano a kan maza 3,809 'yan asalin Japan mazauna Kalifoniya. Waɗanda suka fi riƙe rayuwa da zumuncin mutanensu, ciwon zuciya a cikinsu bai wuce na mazauna Japan ba. Waɗanda suka fi narkewa cikin sabuwar rayuwa kuwa, nasu ya ninka sau uku zuwa biyar, kuma taba da hawan jini da makamantansu ba su isa su bayyana bambancin ba. Wato mutanen da ke kewaye da kai, waɗanda za su ga ka rame su tambaye ka, suna cikin abin da ke tsare jiki. Ku kun baro naku a rana ɗaya, ba ku kuma yi wasu ba tukuna.

Kada ki ji wannan ki ce to a ƙara kulle ƙofa. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Kanada, John Berry, ya kasa hanyoyin da baƙo ke bi gida huɗu: mai sakin nasa ya rungumi na masu gari, mai ƙanƙame nasa ya guje wa na masu gari, mai riƙe biyun, da wanda ya rasa duka biyun. A yawancin binciken da aka yi, mai riƙe biyun shi ya fi samun natsuwa, wanda ya rasa biyun shi ya fi shan wuya. Yanzu ki dubi gidanki. Ɗan autanki yana kan ta farko. Ke kina kan ta biyu, ba don kin zaɓa ba, harshe ne ya tsare ki. Maigida, wanda ya rasa matsayinsa na da bai kuma sami na nan ba, ga shi ba ya magana da kowa, yana gangarawa ta huɗu. Mutum ɗaya ce a gidan take jin harsuna biyu, take shiga nan ta shiga can, kuma ita kike shirin sa wa a jirgi.

Ki yi lissafi da ni. Tana da shekara 11 kuka sauka. Tun daga lokacin, ina kyautata zato, ita ke karanta wasiƙar mai gidan haya, da ta makaranta, da ta banki. Ta san abin da mahaifinta ke samu, ta san ranar da kuɗi suka gaza, ta san ciwon uwarta, ko rabin da aka bari ta sani. Da safe a mai da ita babba a gaban ma'aikata, da yamma a ce ta yi shiru ita yarinya ce. Babba ma wannan juyi zai rikita shi. Maganar da ta faɗa miki ta yi zafi ne don akwai gaskiya a cikinta, kuma ina ganin ba gori kaɗai ba ne, akwai gajiya. Kallon ido kuwa, a makarantun ƙasashe da yawa ana koya wa yaro ya dubi mai yi masa magana, kawar da kai ne suke ɗauka raini ko rashin gaskiya. Awa shida ko bakwai a kullum ana yaba mata a kan abin da ke jawo mata faɗa a gida. Ban ce a bar ta ta yi miki tsawa ko ta zage ki ba, wannan babu inda aka yarda da shi. Amma na duba wasiƙarki ban ga mugayen ƙawaye ba, ban ga faɗuwa jarrabawa ba, ban ga shaye-shaye ko kwanan waje ba, kuma da akwai da kin faɗa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Sanyi da kaɗaici da harshe su suka kayar da ke, yarinyar ita ce dai take kusa.

Akwai iyalan da suka tura yaro wurin dangi abin ya yi kyau. Waɗanda na sani, yaron ya yarda, an sa wa tafiyar wa'adi, kuma mai riƙon yana so da gaske. Inda aka yi shi a matsayin horo, ko aka yaudari yaro da sunan hutu sannan aka ɓoye fasfo, abin da ya fi yawa shi ne a sami yaro mai ladabin baki wanda ba zai ƙara gaya wa uwarsa komai ba. Ki tuna kuma wannan zai zama tumɓukewa ta biyu a cikin shekara huɗu, a daidai shekarun da karatu ya fara ƙayyade makomarta, zuwa wani tsarin karatu dabam. Ga batun takardu: a ƙasashe da yawa doguwar rashin zama tana iya kashe izinin zama, makaranta da hukumar kula da yara suna iya tambayar inda ta shiga, kuma fitar da yaro yana buƙatar yardar iyaye biyu. Kafin ko tikiti a duba, a tambayi lauya ko ƙungiyar da ke ba baƙi shawara. Ƙanenta kuma yana kallo. Darasin da zai ɗauka shi ne duk wanda ya buɗe baki a gidan nan za a kore shi, sai ya koyi ɓoyewa. "Yi yadda kika gani" ɗin da maigida ya ce, ni ban ji yarda a ciki ba, na ji mutumin da ba shi da sauran ƙarfin gardama.

Ra'ayina a fili: kada ki tura ta bana. Ki ba kanki wata shida, ki ga likita, barci ya dawo, yini ya ƙara tsawo, sannan ki sake duban maganar. In kina so ta san danginta, ku je hutu tare, ta ga tikitin dawowarta da idonta.

A cikin wata shidan nan, ki sauke mata kayan da ba nata ba. Ki zaunar da ita ranar da ba ku yi faɗa ba, ki ce kin san an ɗora mata abin da ya fi shekarunta, kin gode, kuma daga yau asibiti da maganar kuɗi ba aikinta ba ne. Zai yi miki nauyi a baki, na sani, ba mu saba gode wa 'ya'ya ba. Ki daure. Sannan ki nemi ta riƙa koya miki harshen minti 15 a kullum, ta yi miki dariya in kin karya kalma, ke ma ki yi. Ku tsayar da dokoki kaɗan waɗanda babu sassauci a kansu, kamar lokacin dawowa gida, sanin inda take da waɗanda take tare da su, da yadda ake magana da iyaye, ki kuma gaya mata dalilin kowace. Ƙananan abubuwa ki kawar da kai, wanda ya yi faɗa a kan komai ba a jin sa ranar babban abu. Ki ce ta kawo ƙawayenta gida ki gan su. Kuma tunda maganar horo ta taso, ki binciki dokar inda kuke. Suwidin ta haramta dukan yara tun 1979, ƙasashe fiye da 60 sun bi bayanta, kuma iyaye baƙi da yawa sun shiga matsala don ba wanda ya gaya musu.

Na ƙaramin ba abin tashin hankali ba ne. Tunda yana amsa miki, yana ji. Ki ci gaba da yi masa harshenku, ba gori ba tilastawa, da tatsuniya da wasa da kiran bidiyo da sa'o'insa na dangi. Harshe biyu ba ya hana yaro karatu. Abin da ba na so shi ne ki koma yi masa guntun harshen da ke kanki ba ki iya ba, ku tashi ba ku da harshen da za ku yi doguwar magana.

Maigida ne nake jin tsoro a kansa, fiye da yarinyar. Ki dubi safiyarsa: yana hawowa bene da jakar aiki, 'ya'yansa suna saukowa da ta makaranta, a gaisa a tsaye, ya shiga ya ja labule. Mutumin da aji guda ke miƙewa in ya shigo. Hawan jini, wato awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, yawanci ba ya ciwo ba ya ba da alama, shi ya sa mutane ke shan magani sai ranar da suka ji ba daidai ba. Ba haka maganin ke aiki ba, kullum ne, kuma abin da ake gudu shanyewar ɓarin jiki ne da ciwon zuciya da na ƙoda. In maganin yana ba shi wata matsala, jiri ko tari ko raunin da maza ba sa son faɗa, ya gaya wa likita a canza masa, akwai iri-iri. Ku sayi na'urar awo ta gida ku riƙa rubutawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali guda, kuma mafi yawansa a abincin gwangwani da na leda yake ɓoye, irin wanda mai aikin dare ke kamawa a tsaye. Ta kuma ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Tafiyar rabin awa sau biyar ke nan, kuma in kuka yi ta tare bayan ya tashi, kafin rana ta faɗi, ke kin sami haskenki shi ya sami motsinsa, wataƙila bakinsa ma ya buɗe, don wasu mazan sun fi magana in ba a zaune ake fuskantarsu ba. Aikin dare an sha danganta shi da ƙiba da sukari da hawan jini, don haka neman komawa na rana abu ne da ya cancanci a sa a gaba ko da kuɗin ya ɗan ragu. Ya kuma bincika ofishin da ke tantance takardun karatun ƙasashen waje, da gajerun kwasa-kwasan cike giɓi, da aikin mataimakin malami, wanda ta nan wasu suka koma aji. Kada ki tayar da waɗannan maganganu lokacin da ya shigo a gajiye. Ki bari ranar hutunsa, kuma ki fara da cewa kina tsoron rasa shi, kafin ki zo kan magani.

'Yan uwa kuwa, ku yanke abin da za ku iya aikawa a wata, ku tsaya a kansa. Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu, yayarki alal misali, ki gaya musu gaskiyar zamanku. Mu ma da laifinmu, hoton ƙanƙara da sabuwar riga muke aikawa, sannan mu yi mamakin an ɗauka muna haƙo kuɗi.

Ke kanki ki shiga ajin koyon harshe. A wurare da yawa ana yin sa kyauta ko da araha a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa, kuma rabin amfaninsa shi ne za ki zauna da wasu mata masu irin ciwonki daga ƙasashen da ba ki taɓa ji ba. Ki nemi mutanenku da ke garin ma, a wurin ibada ko ƙungiya, amma ki zaɓi wadda za ki buɗe wa ciki, don ƙaramin taron baƙi ba ya rasa mai kai rahoto.

Komawa gaba ɗaya ba faɗuwa ba ce, mutane suna yi kuma su zauna lafiya. Sai dai shawara ce ta mutum biyu masu isasshen barci, da takarda da alƙalami a gabansu: aikin da zai koma, karatun yara, maganinsa, abin da zai faru da izinin zamanku, da sanin cewa wurin da kuka baro shi ma bai tsaya yana jiranku ba. A ji ta bakin yaran kuma, ko da ba su za su yanke ba. In bayan wata shida kun zauna kun ga komawa ce, ku koma ku huɗu.

Yau da dare ki sa yarinyar ta rubuta miki jimla ɗaya a takarda da harshen ƙasar: "Ina son ganin likita, kuma ina buƙatar tafinta." Ki maimaita har ta zauna a bakinki, ki gaya mata wannan ne aikin asibiti na ƙarshe da za ta yi miki. Gobe bayan sun fita ki kira. In kin ga likitan, ki rubuto mini abin da ya ce.